Masu Tsaron Cila da Tukunyar Tururi: Sana'ar da Ke Ƙarƙashin Manyan Gine-gine

Duk wanda ya taɓa zama a cikin Masallacin Annabi (SAW) a Madina da tsakar rana ya san iskar nan mai sanyi da ke hurowa daga gindin ginshiƙai. Alhazai kan yi rububin samun gefen ginshiƙi su jingina. Ba ka ganin na'ura, ba ka jin ƙara, domin injinan ba a masallacin suke ba. Suna wata tasha mai nisan kimanin kilomita 7, wadda aka gina lokacin faɗaɗawar Sarki Fahd. A can ake sanyaya ruwa, a turo shi cikin manyan bututu ta wani rami na ƙarƙashin ƙasa, ya zo ƙasan masallaci ya sanyaya iska, ya kwashe zafinta, ya koma inda ya fito a sake sanyaya shi.

A Makka tashoshi biyu ne ke wannan aiki, Ajyad da Shamiyya, kuma ta Shamiyya kaɗai ƙarfinta ya kai tan 120,000. Tan guda na sanyi shi ne yawan zafin da zai narkar da tan ɗaya na ƙanƙara cikin awa 24, kusan abin da AC ɗin ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ke bayarwa ke nan. To lissafa AC 120,000 suna aiki lokaci guda. Farin dutsen filin ɗawafi kuwa, wanda mutane ke ta cewa akwai bututun ruwan sanyi a ƙarƙashinsa, ba ruwansa da waɗannan tashoshi. Marmara ce daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, halittarta ce ba ta riƙe zafin rana. A watan Yunin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mahajjata fiye da 1,300 suka rasu, mafi yawansu waɗanda ba su da izinin aikin Hajji, don haka ba su da damar shiga tantuna da motoci masu sanyi. A irin wannan wuri sanyi ba gata ba ne, kuma akwai mutanen da aikinsu, dare da rana, shi ne kada ya yanke.

Sana'ar waɗannan mutane ce nake son mu duba, domin a wajenmu kusan ba a san ta a matsayin sana'a mai zaman kanta ba. Abin da muka sani shi ne mai gyaran AC da firji: ka kira shi idan abu ya lalace, ya zo da tukunyar gas da geji, ya gyara, ka biya shi, ya tafi. Mai kula da ɗakin injinan babban gini ba haka yake ba. Albashinsa ba na gyara ba ne, na hana lalacewa ne. Yana nan tun injin yana lafiya, yana kallonsa, yana rubuta halinsa, har ya san shi yadda zai gane ya fara ciwo makonni kafin ya kwanta. Matsalar wannan aiki ita ce idan an yi shi da kyau ba a ganin komai. Mai gini ya leƙo ya tarar da mutum zaune da biro da littafi, sai ya ce ana cin kuɗinsa a banza. Daga wannan kuskuren fahimta ne yawancin manyan na'urorin sanyi na gine-ginenmu suka mutu.

Sai an san yadda na'urar take kafin a gane me yake tsaro. Babban otal ko asibiti ko filin jirgin sama ba ya dogara da ƙananan AC ɗaki-ɗaki. Akwai uwar na'ura da ake kira cila, galibi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a kan rufi, kuma abin da take sanyayawa ruwa ne, ba iska ba. Ruwan kan fita daga cikinta a wajen digiri 7. Famfuna su tura shi hawa-hawa zuwa wasu akwatuna masu fanka, inda iskar gini ke ratsa siraran bututun da ruwan ke bi, ta yi sanyi, ta kuma zubar da laimarta. Ruwan ya dawo a wajen digiri 12. Wannan tazara ta digiri biyar ita ce zafin ginin gaba ɗaya: na jikin mutane, da fitilu, da kwamfutoci, da ranar da ke dukan gilashi.

Zafi ba ya ɓacewa, sai dai a kai shi wani wuri. A cikin cila akwai gas mai tafasa a ƙaramin zafi. Ya sha zafin ruwan ya zama tururi, kwamfireso ya matse shi har ya ɗau zafi sosai, sannan ya sauke zafin a kan wani ruwa daban, na biyu, wanda ba ya haɗuwa da na farko. Wannan ruwa na biyu shi ake kaiwa hasumiyar huce ruwa a waje, a yayyafa shi daga sama, babbar fanka tana jan iska ta cikinsa. Kaɗan daga ciki ya bi iska, ragowar ya huce, daidai yadda ruwan randa ke sanyi saboda tsattsafowar da yake yi ta jikin yumɓu. Yakan hau hasumiya a wajen digiri 35, ya sauko a wajen 30. Zagaye uku ke nan, na ruwan sanyi, na gas, da na ruwan hasumiya, kuma tangarɗa a ɗaya tana bayyana a sauran biyun. Willis Carrier, wanda ya ƙera na'urar daidaita laimar iska ga wata maɗaba'a a unguwar Buruklin ta birnin Niyok a 1902, shi ne ya fito da irin wannan babbar cila a 1922, kuma har yau ƙashin bayan tsarin bai canja ba.

Yanzu bi mai aikin dare ya karɓi aiki. Kafin ya taɓa komai sai ya karanta abin da na rana ya rubuta, ya tambaye shi baki da baki: wane famfo ne ke aiki, wanne ke hutu, an ɗauke wuta sau nawa. Sannan zagaye. Zai tsaya gaban cila ya kwafe lambobi: zafin ruwan shiga da na fita ta ɓangarorin biyu, matsin gas, matsin mai da zafinsa, yawan wutar da moto ke ja a kowane ɗaya daga layukan wuta uku da ke shiga cikinsa. Zai ɗora bayan hannu a kan gidan boris na famfo ya ji ko ya fi jiya zafi. Tsofaffin hannu kan kafa bakin sukudireba a jikin famfo, su kara ƙotar a kunne, su saurari boris ɗin kamar likita. Zai duba ƙasa ko akwai ɗigon mai, domin inda mai ke fita nan gas ke bi. Zai hau rufi da tocila ya leƙa kwamin hasumiya, ya ga ko ruwa ya ragu, ko gansakuka ta fara, ko fambel ya saki. Bayan awa ɗaya ko biyu ya sake.

A cikin lambobin nan akwai guda ɗaya da ke bambanta gwani da mai cike takarda. Ita ce tazarar da ke tsakanin zafin gas a wurin da yake sauke zafinsa da zafin ruwan da ke fita zuwa hasumiya. Idan bututun ciki a wanke suke, tazarar ba ta wuce digiri ɗaya ko kaɗan fiye da haka. Idan datti ko ɓawon ma'adinai ya fara kama su, sai ta riƙa hawa a hankali, yau ɗaya da rabi, wata mai zuwa biyu da rabi, daga baya huɗu. Ginin na nan da sanyinsa, ba mai ƙorafi. Amma kowane digiri guda da ya ƙaru yana ƙara wa kwamfireso cin wuta da kashi biyu zuwa uku cikin ɗari. Lambar yau ita kaɗai ba ta faɗa maka komai, sai ka jera ta da ta makonnin baya. Shi ya sa littafin rajistar ya fi kowace sifana daraja a ɗakin, shi ya sa kuma babu ha'incin da ya kai na ma'aikacin da zai zauna ƙarfe uku na dare ya kwafe lambobin jiya layi-layi.

Mu yi lissafi da kuɗinmu. Cila mai tan 500, mai lafiya, takan ja wajen kilowat 300. Idan ta yi awa 12 a rana, ta sha yunit 3,600. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage, amma a shekarar farashin bai sauko ƙasa da naira 200 ba. A wannan farashi, wutar cilar kaɗai ta haura naira 700,000 ke nan a rana. Idan datti ya ƙara mata cin wuta da kashi goma cikin ɗari, asarar ta wuce naira miliyan biyu a wata, ba a ma yi maganar dizal ba. Mai ginin da ya ƙi ɗaukar ƙwararre don gudun albashi yana biyan ninkin albashin ga kamfanin wuta, bai sani ba.

Rabin wannan sana'a sanin ruwa ne, abin da masu shigarta ba su cika tsammani ba. Hasumiya tana shan ruwa ba kaɗan ba, wajen lita bakwai a awa kan kowane tan idan ana cikakken aiki. Ruwan da ya tashi ya bi iska tsarkakakke ne, gishiri da farar ƙasar da ke cikinsa kuwa suna nan a kwami suna taruwa. Idan ba a riƙa zubar da wani kaso ana ƙara sabo ba, ana kuma sa magungunan da suka dace, sai ɓawo ya kama bututu, ko tsatsa ta ci su. Wanda ke amfani da ruwan burtsatse mai nauyin ma'adinai ya fi kowa shiga wannan matsala. Don haka ma'aikaci na gari yana da 'yan kwalabe da na'urar awon ruwa, yana ɗiba yana gwadawa yana rubutawa.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗi. A watan Yulin 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a wani otal a Filadelfiya. Da suka koma gidajensu sai wani ciwon huhu ya kama mutum 182, 29 suka mutu. Sai a farkon 1977 masu bincike suka gano ƙwayar cutar, wadda aka raɗa wa suna Lijiyonela. Tana son ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, wanda shi ne yanayin kwamin hasumiya, kuma fankar hasumiyar tana fesa ta cikin ƙananan ɗigon ruwa da mutane ke shaƙa, har waɗanda ba su taɓa shiga ginin ba. A 2015 ta sake ɓarkewa a unguwar Buronkis ta birnin Niyok, ta kashe mutum 16, aka bi sawunta har zuwa wata hasumiya. A shekarar birnin ya kafa doka cewa kowace hasumiya sai an yi mata rajista, ana gwada ruwanta, ana ajiye shaida. A wajenmu, inda ciwon huhu da zazzaɓi kan tafi da sunan maleriya ko taifod, wa zai bi sawu har rufin otal? Ma'aikacin da ke zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan lokaci, ko ba mai duba shi, aikin lafiyar jama'a yake yi.

Ɗaya fuskar sana'ar, ta ɗumama, a ƙasashen sanyi ta fi ƙarfi, kuma a can ne ma aka haife ta. A tsibirin Manhatan na birnin Niyok akwai bututun tururi fiye da mil 100 a ƙarƙashin tituna, tsarin da ya fara tun 1882, kamfanin Con Edison ke tafiyar da shi a yau. Hayaƙin nan fari da ake gani yana tashi daga titunan Niyok a talabijin daga nan yake. Dubban wasu gine-gine kuma suna da tasu tukunyar tururi, wato boila, a ƙasa. Idan cila ta tsaya mutane su yi gumi, idan boila ta tsaya cikin tsananin sanyi bututun ruwa su daskare su fashe, tsofaffi su mutu a ɗakunansu.

Boila kuma ba abin wasa ba ce. Ruwa idan ya koma tururi yana faɗaɗa kusan ninki 1,600. A cikin tukunya mai matsi ruwan ya wuce digiri ɗari amma matsin ya hana shi tashi. Da zarar ƙarfe ya tsage, sai ya juye tururi nan take, ya tafi da gini. A ranar 20 ga Maris 1905 boilar masana'antar takalma ta Grover da ke Brockton a jihar Masacusets ta Amurka ta fashe, ta keta hawa-hawa ta fita ta rufi, ginin ya rufta ya kama da wuta, mutum 58 suka mutu. Wannan da makamantansa ne suka sa jihar ta kafa dokokin boila a 1907, ƙungiyar injiniyoyi ta ASME kuma ta fitar da ƙa'idarta ta 1914, wadda har yau duniya ke aiki da sababbin bugunta.

Babban abokin gabar mai tsaron boila shi ne ƙarancin ruwa. A jikin tukunya akwai wani siririn gilashi da ke nuna inda ruwa ya tsaya, kuma shi ne abu na farko da ido ke nema idan an shiga ɗakin. Gilashin kansa yakan yi ƙarya idan hanyarsa ta toshe, don haka ana buɗe bawul ɗinsa a fesar da shi a kowane zagayen aiki, a ga ruwan ya sauka ya dawo da sauri. Akwai na'urar da ya kamata ta kashe wuta da kanta idan ruwa ya yi ƙasa, ita ma ana gwada ta da gangan, ba a jira ranar buƙata. Idan kuwa aka tarar ruwa ya ɓace daga gilashi, ƙarfe ya yi ja, zuciya za ta ce maza ƙara ruwa, kuma wannan shi ne abin da ke kashe mutane: ruwan sanyi a kan jan ƙarfe. Horon shekaru ne ke sa hannu ya tafi ga kashe wuta maimakon famfo. Hatta buɗe bawul ɗin tururi yana da ladabi, a hankali ake yi bayan an tsiyaye ruwan da ya kwanta a bututu, in ba haka ba tururi ya ɗauki ruwan ya maka shi a kwana kamar guduma. Irin wannan ne ya fasa bututu kusa da tashar jirgin ƙasa ta Grand Central da ke Niyok a watan Yulin 2007.

Kada a ce wannan labarin Turai ne kawai. Ba ma ɗumama ɗakuna, amma muna da boila. Masaƙun Kaduna, tun daga KTL da aka buɗe a 1957 har UNTL, da tururi suke rini da busar da yadi, kuma sun horar da masu tsaron boila da yawa kafin su durƙushe. Yau kamfanonin sarrafa shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa da tururi suke turara shinkafa, da yawansu ɓuntun shinkafar suke ƙonawa a matsayin makamashi. Matatun man gyaɗa da waken suya, kamfanonin lemo, manyan asibitoci masu turara kayan tiyata, manyan otal masu ɗakin wanki, duk suna buƙatar tururi ko ruwan zafi. Dokar masana'antu ta Najeriya ta wajabta a riƙa kawo sufeto mai izini yana duba kowace boila lokaci-lokaci, ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago.

Inda muka bambanta da su shi ne wa aka yarda ya taɓa injin. A birnin Niyok ba ka tsaron boila mai matsi sama da fam 15 a kan kowane inci murabba'i sai da lasisin hukumar gine-gine, bayan shekaru kana aiki ƙarƙashin mai lasisi, da jarrabawa. Manyan na'urorin sanyi kuma hukumar kashe gobara ce ke ba da takardar ƙwarewarsu. A jihar Niyu Jasi lasisin hawa-hawa ne da launuka, baƙi, shuɗi, ja, sannan ruwan zinare. A wasu lardunan Kanada daga aji biyar ake farawa a hau zuwa aji ɗaya, kuma girman injin da doka ta ba ka ya danganta da ajinka. Ƙungiyar ƙwadagon masu wannan aiki a Amurka, IUOE, wadda aka kafa a 1896, tana da tsarin koyon sana'a na kimanin shekara huɗu, kana aiki ana biyanka kana kuma zuwa aji. Matsakaicin albashinsu ya haura dala 60,000 a shekara, kuma yawancinsu ba su da digiri. Ba don Turawa sun fi mu son ma'aikaci ba ne. Doka da kamfanonin inshora ne suka hana mai gini kunna injin ba tare da mai lasisi ba, don haka dole ya biya.

Mu kuwa sai ka bi ta gaban tsofaffin sakatariyoyi da manyan ofisoshin da aka gina zamanin kuɗin mai, ka ɗaga kai. Bango duk ya sha huji, ƙananan AC sun yi masa ca kamar an watsa, ruwa na ɗiga yana ɓata fenti. Shiga ciki ka dubi silin, za ka ga tagogin iska na asali suna nan cike da yanar gizo. An gina wurin da babbar na'ura, ta mutu, aka bar ta a ƙasa. Dalilan sanannu ne. Sayen sabon inji kwangila ce mai kauri da ake yanka kintinkiri a kanta, sayen maganin ruwa da filta da mai kowane wata kuwa ba mai samun suna ko kaso a kai, shi ne na farko da ake yankewa a kasafi. Ga kuma wuta. Babbar cila ba ta son a kashe a kunna. Duk tashi ɗaya motonta yana ɗaukar zafi, shi ya sa aka sa mata agogon da ke hana ta sake tashi sai bayan wasu mintuna, kuma man da ke cikinta yana buƙatar a riƙe shi da ɗumi ko tana hutu. Idan layi ɗaya cikin uku ya faɗi, moto na iya ƙonewa. Ƙurar hunturu ta toshe filta cikin 'yan kwanaki, zafin Afrilu ya sa komai ya yi aiki a iyakar ƙarfinsa. Wurin da ya fi buƙatar gwani shi ne ya fi ƙarancinsa.

A nan ne mugun halin nan na "yi masa dairek" ke shigowa. Cila ta kashe kanta saboda na'urar da ke jin gudun ruwa ta ce ruwa ba ya tafiya. Oga yana kira daga sama, akwai baƙi, ana taro, a kunna ko ta halin ƙaƙa. Sai a ɗauko guntun waya a tsallake na'urar. Sanyi ya dawo, a yaba wa yaro. Ranar da famfo ya tsaya da gaske, ruwan da ke cikin bututu ya daskare ya fasa su, ruwa ya shiga inda gas yake, injin ɗaruruwan miliyoyi ya tafi. Haka ma "a ƙara gas" ba tare da neman inda yake zurarewa ba. Daga cikin abin da ake biyan mai wannan aiki har da iya cewa "Yallaɓai, a yi haƙuri, ba za ta tashi ba sai na gano dalili," ya kuma rubuta a littafi cewa ya faɗa.

Ga matashin da ke son shiga, hanyoyi biyu ne kuma gara a haɗa su. Akwai na takarda: kwalejojin fasaha suna koyar da sana'ar firji da na'urar sanyi da jarrabawar NABTEB, Ma'aikatar Ƙwadago tana ba da takardar gwajin sana'a daga mataki na uku zuwa na ɗaya, kwalejojin kimiyya da fasaha da hukumar NBTE ta Kaduna ke sa wa ido suna ba da difloma a injiniyancin inji ko lantarki, asusun ITF mai hedikwata a Jos yana da cibiyoyin horo, hukumar kula da aikin injiniya, COREN, kuma tana yi wa masu fasaha da masu sana'ar hannu rajista, ba injiniyoyi kaɗai ba. Akwai kuma na bin maigida. Shagon gyaran AC zai koya maka walda da geji da ƙarfin hali, amma ba zai nuna maka cila ba. Sai ka nemi shiga otal ko asibiti ko kamfanin da ke kwangilar kula da gine-gine, ko a matsayin mai riƙe tocila ne. A ganina wanda zai zaɓi abu ɗaya ya zurfafa a kai ya zaɓi lantarki da karanta zanen waya, domin yawancin abin da ke tsayar da injin a wajenmu daga nan yake. Turancin karanta littafin na'ura da lissafi mai sauƙi ba makawa.

Ilimin ma ba ya tsayawa. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta kori tsofaffin gas irin R-11 da R-12 saboda illarsu ga rufin sararin sama, R-22 da kowa ya saba da shi yana kan hanyar fita a ƙasashe masu tasowa zuwa 2030, gyaran Kigali na 2016 kuma ya sa ana rage irin su R-134a da R-410A. Wasu daga cikin masu maye gurbinsu, kamar R-32 da R-290, suna kama wuta, don haka wanda ya saba kunna wutar walda ba tare da tunani ba yana cikin haɗari. Tsofaffin ma ba su da tausayi: sun fi iska nauyi, idan suka zube da yawa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa sai su kore iskar shaƙa, mutum ya faɗi bai ji warin komai ba. Ɗakunan sanyi na kifi da nama da yawa amoniya suke amfani da ita, mai ƙona ido da huhu. Ga ƙarar da ke cin kunne a hankali, ga aikin kwana, ga ranar Sallah da kowa ke gida kai kana ƙasa da injin, domin otal da asibiti ba sa hutu.

Kasuwar kuwa faɗaɗa take yi. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce a rahotonta na 2018 AC da fanka suna cin kusan kashi goma cikin ɗari na wutar duniya, kuma buƙatar za ta ninka uku zuwa 2050. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sanyi ya zama kamar ruwan famfo, kamfanoni irin Tabreed a Abu Dabi da Empower a Dubai suna sayar da ruwan sanyi ga unguwanni ta bututu, tashar tsibirin Pearl ta Katar kaɗai tan 130,000 ce. A Legas cibiyoyin ajiyar bayanai na intanet suna ƙaruwa, kuma su ne wuraren da ba a wasa da mai kula da sanyi, domin kwamfutocinsu kan kashe kansu cikin mintuna idan ɗaki ya ɗau zafi. Ma'ajiyar allurar rigakafi tana buƙatar digiri 2 zuwa 8 ba dare ba rana.

Sababbin gine-gine suna da kwamfuta mai nuna kowane famfo da bawul a allo, har ta kunna ta kashe da kanta. Hakan ya rage yawan mutanen da ake ɗauka a ɗakin inji ɗaya, ya kuma ɗaga abin da ake nema daga waɗanda suka rage: dole su iya karanta jadawalin allo, su canja saiti, su kuma gane lokacin da na'urar awo ta fara ƙarya, su sauka da ma'aunin hannu su tabbatar. Matakan hawa a fili suke, daga mataimaki zuwa mai riƙe aiki shi kaɗai, zuwa shugaban masu aikin kwana, zuwa babban jami'in injinan gini. Matakai biyun farko hannu da halin kirki na iya kai mutum. Daga na uku ake fara tambayar takarda, kuma masu ɗaukar aiki na ƙasashen waje suna neman wasiƙar da ta faɗi irin injin da ka riƙe, tan nawa ne, shekara nawa, da sa hannun wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Wanda ya fara yau ya riƙa karɓar irin wannan wasiƙa duk inda zai bari, tun maigidan yana raye kuma kamfanin bai rufe ba.